Sunan Wa Za a Raɗa wa Ɗan Sagir?

Ku ɗan kife wayoyin nan ku matso, yau na zo muku da wadda za ta sa shayinku ya huce ba ku sani ba. Sharaɗina ɗaya: in na kai ƙarshe, ba mai tashi sai an yanke hukunci.

A Kaduna aka yi wani matashin magidanci, Sagir, mai rubuta manhajar kwamfuta a wani kamfani da ke yi wa masu shagon magani aiki. Manhajar ce ke faɗa wa mai shago abin da ya ƙare da maganin da ya kusa lalacewa. Sagir yana da kai, wannan ba a musu, sai dai yana da wani wayo na banza. A ganinsa, in kana so ka tsare kujerarka, to ka zama kai kaɗai ka san kan aikin. Saboda haka ya cukurkuɗa rubutun manhajar da gangan, bai bar bayani ko layi ɗaya ba, ya kuma bi sassanta ya raɗa musu sunayen gwaggwanninsa na ƙauye. Sashen da ke ƙirga kaya shi ne Gwaggo Dije, mai duba ranar lalacewar magani kuwa Gwaggo Talatu. In abu ya tsaya, ko ranar Sallah ce sai an nemo shi. Ya riƙa bugun ƙirji yana cewa ranar da aka sallame shi ranar kamfanin zai rufe.

Kwatsam kamfanin ya canza hannu, sababbin masu shi suka fara rage ma'aikata. Yau wannan tebur ba kowa, jibi na kusa da shi. An ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta ka shafa wa naka ruwa, amma shi Sagir ko a jikinsa. Rannan manaja ta kira shi ta faɗa masa, cikin ladabi kuwa, cewa an kawo ƙwararru sun duba manhajarsa sun kasa gane gabanta da bayanta, don haka za a jefar da ita a gina sabuwa. Da zarar sabuwar ta tsaya da ƙafarta, shi ma zamansa ya ƙare.

Nan fa ido ya raina fata. Ga matarsa Barira da cikin fari, ga shi shekara da shekaru bai koyi sabon abu ba, ba shi da aikin da zai nuna wa wani ba tare da ya ji kunya ba, kuma bayan ƙofar kamfanin ba wanda ya san da shi. Tsoro ya kama shi sosai. Ya tafi majalisar abokansa uku da suka yi makaranta tare, Ukasha da Zubairu da Nafi'u, dukansu masu wannan sana'a, ya zayyana musu komai. A ƙarshe ya ɗaga hannu ya ce:

"Ku shaida. In Allah ya fitar da ni, Barira kuma ta sauka lafiya aka sami namiji, wanda ya cece ni shi zan yi wa takwara."

Suka yi dariya, Zubairu har yana cewa a fara tanadin rago mai ƙaho. Amma kowannensu ya tashi da abin a ransa.

Ukasha ne ya fara. Mutum ne mai kaifin harshe, ba ya ɓoye gaskiya ko don a ji daɗi. Ya buɗe aikin Sagir, ya kalla, ya kalle shi, ya tambaye shi wace ce Gwaggo Dije da me ta zo yi cikin kwamfuta. Daga nan ya ajiye ayyukan da yake yi na kansa a ƙarshen mako, ya zaunar da Sagir duk Asabar da Lahadi kamar ɗan aji ɗaya. Ya koya masa sababbin hanyoyin aiki, ya sa shi gina wata ƙaramar manhaja daga tushe. Duk layin da Ukasha ya karanta bai gane shi nan take ba, sai ya goge ya ce a sake. Sagir ya yi fushi, ya yi yaji, ya dawo da ƙafarsa. Kafin damina ta wuce ya fitar da aiki tsaf, wanda ko baƙo ya buɗe zai bi shi kamar titi. Ukasha ya tilasta masa ya ɗora shi a intanet inda kowa zai gani.

Zubairu kuwa mai jama'a ne, in ya shiga taro sai ya gaisa da kowa har mai shara. Ya ce aiki mai kyau da ba wanda ya gani, da shi da babu duk ɗaya. Ya ja Sagir zuwa taron masu rubuta manhaja, kuma bai faɗa masa ya sa sunansa cikin masu jawabi ba sai da aka kira shi. Sagir ya hau dandamali, ya ba da labarin gwaggwanninsa da yadda wayonsa ya ci shi, zauren ya ɗauki dariya da tafi. A cikin masu tafin akwai Malama Sa'adatu, shugabar ma'aikata a wani kamfani da ke yi wa manoma manhaja. Gurbi ɗaya take da shi, kuma Zubairu ta riga ta yi wa tayinsa, ga shi shi ma nasa kamfanin yana tangal-tangal. Zubairu ya same ta ya buɗe mata aikin Sagir, ya ce ya janye, a gwada abokinsa. Ta amince, ta sa ranar gwaji.

Sai Nafi'u, wanda aka taɓa sallama sau biyu, ya san ɗanɗanon abin. Shi ya riƙa zaunar da Sagir yana jefa masa tambayoyi kamar shi ne mai ɗaukar aikin, kuma tun a nan ya lura in tambaya ta yi tsauri Sagir hanyar zillewa yake nema. Ranar gwajin Sagir ya isa da wuri, ya leƙa ya ga samari ƙanana suna ta ƙwanƙwasa kwamfuta kamar da ita aka haife su. Ya juya, ƙafa me na ci ban ba ki ba, ya kashe waya. Nafi'u da ya kira ya ji a kashe bai tsaya tambaya ba. Ya bar aikinsa ya hau babur, ya bi duk inda ya san Sagir na fakewa, har ya tsinto shi a rumfar wani mai lemo ya zabga tagumi.

Sagir ya ce, "Ka ƙyale ni, Nafi'u. Zan je ne kawai su ga ban san komai ba."

Nafi'u ya ce, "Sau biyu aka kore ni, ka ga na mutu? Kujera suka karɓe, abin da ke kaina yana nan. Kai ma haka. In sun tambaye ka abin da ba ka sani ba, ka ce ba ka sani ba, sannan ka faɗa musu yadda za ka nemo. Hau mu tafi, ko in ɗaure ka da rawani."

Suka iso ana shirin kiran wani. Tambayar farko Sagir bai san ta ba, ya faɗi haka, ya bayyana ta inda zai ɓullo mata, ya ga Malama Sa'adatu ta gyaɗa kai. Sai aka ajiye masa wani rubutun manhaja a hargitse aka ce ya warware. Sagir ya kalla, dariya ta kusa ƙwace masa, don irin ƙullin da ya daɗe yana yi ne. Ya zauna ya tsefe shi tas, kamar yadda Ukasha ya hore shi. A makon da tsohon kamfani ya sallame shi, a makon ya kama sabon aiki, yana ta bin 'yan'uwa gida-gida da albishir, bakinsa har kunne.

Ba a jima ba Barira ta sauka lafiya, aka sami santalelen namiji. Ranar suna da safe aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, goro da dabino suna zagayawa, rago yana ɗaure. Abokan nan uku suka zo cikin manyan riguna suka zauna a sahun gaba, kowa yana murmushi yana satar kallon ɗan'uwansa. Sagir ya yi ta maza ya raɗa wa mahaifinsa cewa zai haɗa sunayen uku duka. Tsohon ya harare shi ya ce yaro ɗaya ne, suna ɗaya ne, kuma alkawari kaya ne. Barira ma ta aiko daga ciki cewa mata sun ƙosa su ji sunan da za su yi wa guɗa.

Sagir ya dubi Ukasha. Ba don shi ba, da ba abin da za a nuna wa Malama Sa'adatu, da Zubairu ya janye a banza. Ya dubi Zubairu, wanda ya cire lomar daga bakinsa ya ba shi, har yanzu kuma bai san makomar tasa kujerar ba. Ya dubi Nafi'u, ya tuna cewa da bai hau babur ɗin nan ba, da wahalar su biyun ta ƙare a rumfar mai lemo. Yana son su duka, kuma ya san duk wanda ya bari zai yi dariya a fili amma abin zai zauna masa a zuciya.

Liman ya gyara zama, ya karkato da kunnensa wajen bakin Sagir.

To, ku da kuke zaune a nan, in ku ne Sagir, sunan wa za ku raɗa wa liman: Ukasha, Zubairu, ko Nafi'u?