Ƙullin Mudi Bai Kwance Ba

An yi wani mutum, wani bawan Allah, a wani gari da ba sai na faɗi sunansa ba, tun zamanin da mai keke ake ɗaga wa hannu a kan hanya. Ana kiransa Malam Ilu. Ba malamin makaranta ba ne, ba kuma ma'aikacin gwamnati ba ne. Gyaran keke yake yi a gindin wata darbejiya a bakin kasuwa, daga faci sai ɗaurin sarƙa, sai miƙe ƙafar da ta lanƙwashe.

Amma duk ranar Asabar, da hantsi ya yi, sai ya tattara kayan aikinsa ya zuba a akwati. Ya sa kakinsa da ya sha wanki har ya koɗe, ya ɗaura ƙyalle a wuya, ya rataya usur, ya nufi filin makarantar firamare. Can yara ke jiransa, 'yan sikawut, waɗannan yaran masu kaki da ake koya wa fareti da ɗaurin igiya da kafa tanti da taimakon wanda ya ji rauni. Shi ne shugabansu. Ba a biyansa, ba wanda ya tilasta masa. Shekara goma sha bakwai yana wannan aiki, jama'a, shekara goma sha bakwai, kuma in ba ciwo ne ya kwantar da shi ba, bai taɓa fashin Asabar ɗaya ba. In ka ga fuskarsa sa'ad da ya busa usur yara suka ruga suka jeru a gabansa, ka san mutumin nan abin da ya fi so a duniya ke nan.

Cikin yaran akwai guda biyu da nake so ku riƙe sunansu. Ɗaya Nafi'u, ɗan Alhaji Gambo mai sayar da yadi, yaro mai natsuwa, kowa na yabonsa. Ɗayan kuma Mudi, maraya, ɗan wata bazawara mai tuyar ƙosai. Shi Mudi ba ya ji. Sau biyu ana dakatar da shi daga makaranta saboda faɗa, kuma hedimasta ya riga ya ce in aka yi na uku, kora ce. Malam Ilu ne ya jawo shi cikin ƙungiya, ya lura hannunsa na da kyau a kan igiya, ya riƙa ba shi aikin ɗauri.

To, ku saurara.

Wata Asabar bayan damina, Malam Ilu ya shirya zai kai yara wani kwazazzabo a bayan gari, ya koya musu yadda ake haɗa gada da igiya a tsallaka. Da safe ya ɗauko babbar igiyarsa yana warware ta, sai hannunsa ya faɗa kan wani wuri a tsakiyarta da ya zaizaye, zaren ya fara sakin juna. Ya tsaya ya duba. Ya murza wurin da yatsa. Ya san ya kamata ya nemo wata. Amma rana ta fara ɗagawa, yara na can na jira, mai sayar da igiya kuma sai an je can ƙarshen kasuwa. Sai ya ce a ransa, “Za ta kai yau. Mako mai zuwa na canza.”

Za ta kai yau. Abin da ya faɗa ke nan, shi kaɗai, ba wanda ya ji shi.

Aka isa kwazazzabo. Malam Ilu ya ɗaure bakin igiya a wannan gefe, ya tura Mudi ya zagaya ya ɗaure ɗaya bakin a jikin wani marke da ke tsallake. Yaro na farko ya bi ya wuce lafiya. Na biyu ya wuce. Na uku ya wuce. Na huɗu shi ne Nafi'u. Yana kaiwa tsakiya, sai aka ji tas! Igiya ta yi ƙasa da shi, ya faɗa kan duwatsu.

Yara suka ɗauki kururuwa. Wani ya ce, “Ƙullin Mudi ne ya kwance!” Nan take duk suka kama, “Mudi ne! Mudi ne!” Mudi yana tsaye a tsallake, sai ya juya ya ranta a na kare cikin gonaki.

Malam Ilu bai tsaya sauraron kowa ba. Ya gangara ya tarar cinyar Nafi'u ta karye. Ya sa karare ya ɗaure ƙafar da ƙyallen wuyansa, ya goya yaron a bayansa, bai sauke shi ba sai a asibiti. Likita ya ce rai ya tsira, amma ƙafar ba lalle ta koma daidai ba.

Kafin la'asar magana ta gama gari: ɗan mai ƙosai ya karya ɗan Alhaji Gambo. Wasu ma suka ƙara da cewa da gangan ya yi. Aka je aka zazzaga wa uwarsa rashin mutunci a bakin kaskonta.

Washegari da sassafe, Malam Ilu ya koma kwazazzabon don ya kwaso kayan da aka bari. Ya tsallaka wajen marken nan. Me zai gani? Ƙullin Mudi yana nan daram, ko motsi bai yi ba. Ya jawo guntun igiyar da ke lilo a cikin rami, ya duba bakinta. A tsakiya ta tsinke, daidai wurin da ya murza da yatsansa.

Jama'a, ku dubi wannan wuri da kyau. Daga shi sai Allah. Yara sun riga sun yanke hukunci. Gari ya riga ya yanke hukunci. Shi kansa Mudi ya yarda laifinsa ne. Abin da ya rage kawai Malam Ilu ya kwance ƙullin nan, ya naɗe igiyarsa, ya jefa ta a rijiya. Ba ƙarya zai yi ba ma, shiru kawai zai yi. In ya yi shiru, Asabar mai zuwa yana nan da usur ɗinsa. Wa a cikinmu zai rantse cewa zuciyarsa ba za ta raya masa haka ba?

Ya zauna a gindin marken nan ya daɗe. Daga baya ya tashi, ya bar ƙullin yadda yake, ya naɗe ɗaya guntun ya saɓa a kafaɗa, ya wuce kai tsaye gidan hedimasta.

Hedimasta ya saurare shi har ya gama, sannan ya ce, “Malam Ilu, ban da ni wa ka faɗa wa?”

Ya ce, “Ba kowa, ranka ya daɗe.”

“To, bar ta a nan. Yaron nan dama hanyar kora yake, ko yau ko gobe. Kai kuwa in ka faɗi wannan magana a gaban iyaye, ba mai sake ba ka ɗansa. Shekara nawa kana wahala a kan ƙungiyar nan? Ka duba yara talatin da za su rasa ka saboda yaro ɗaya.”

Malam Ilu ya sunkuyar da kai ya ce, “Ranka ya daɗe, duk Asabar ina tsayar da yaran nan su ɗaga hannu su yi alkawarin faɗin gaskiya. In na yi shiru, da wane baki zan sake tsayar da su? Kuma yaron nan zai girma yana ganin shi ya nakasa ɗan'uwansa. Ba zan iya ɗora masa wannan kaya ba, nawa ne.”

Ranar Litinin aka tara iyaye a makaranta. An kamo Mudi an tsugunar da shi a gaba, uwarsa na raɓe a bakin ƙofa tana share hawaye da gefen mayafi. Alhaji Gambo na zaune, idanunsa jajir. Kafin a fara magana, Malam Ilu ya miƙe ya ajiye guntun igiya a kan tebur.

Ya ce, “Iyayena, ƙullin Mudi bai kwance ba. Yana nan a jikin marke, duk mai so ya je ya gani. Igiya ce ta tsinke a tsakiya. Kuma na ga ta zaizaye tun da safe kafin mu fita, na ce za ta kai. Ba yaron da ya san da haka. Sakacina ne, ni kaɗai.”

Sai Alhaji Gambo ya tashi ya ce, “Ka gani? Da idonka ka gani, ka ɗora ɗana a kai?”

Ya ce, “Na gani, Alhaji.”

“Ashe mahaukaci muka damƙa wa 'ya'yanmu!”

Ya faɗa masa maganganu waɗanda ba zan maimaita su a wannan wuri ba. Malam Ilu ya tsaya ya saurara. Bai ce ku tuna shekarun da na yi ba, bai ce ni na goyo shi zuwa asibiti ba. Da aka yanke cewa ya sauka daga shugabanci, ya cire usur daga wuyansa ya ajiye a gefen igiyar, ya yi sallama ya fita.

Da yamma Mudi ya same shi a gindin darbejiya yana faci. Ya tsaya a gabansa ya ce, “Malam, me ya sa ka faɗa? Ni ai na saba. Kome aka yi ni ake cewa.”

Malam Ilu ya ce, “Shi ya sa. Zauna ka ji. Ƙullin da ka yi mai kyau ne, ko ni ba zan yi wanda ya fi shi ba. Gobe ka koma makaranta, kada in ji ka yi fashi.”

Yaron da duka bai taɓa sa shi kuka ba, ran nan ya kifa kai a gwiwa ya yi ta kuka.

Kada ku ɗauka labari ya ƙare da faɗin gaskiya. Bayan wata biyu aka sallamo Nafi'u, ba ya iya taka ƙafa, makaranta da nisa, ga jarrabawar fita ta matso. Da safe sai ga Malam Ilu a ƙofar gidan Alhaji Gambo, ya ɗaura matashi a kariya, mazaunin bayan kekensa. Ya yi sallama, Alhaji ya fito.

Ya ce, “Alhaji, na zo in kai Nafi'u makaranta, in ka yarda.”

“Bar mini ƙofar gida.”

Ya tafi. Washegari ya dawo, aka kore shi. Ya sake dawowa, aka kore shi. Rana ta huɗu, Nafi'u da kansa ya dogaro sanda ya fito zaure ya ce, “Baba, don Allah ka bari ya kai ni.” Alhaji ya dubi ɗansa, ya dubi mutumin, ya juya ya shige gida. Malam Ilu ya ɗaga yaron ya ɗora a keke. Bai hau ba, turawa ya riƙa yi a hankali don kada gargada ta taɓa ƙafar. Haka ya yi safe da rana har wata biyar, ya kai shi, ya ɗauko shi. Mutane na nuna shi a hanya suna cewa ga wanda ya karya yaron nan, yana ji, yana tura kekensa.

Nafi'u ya ci jarrabawa. Ƙafar ta warke, amma da ɗingishi, kuma da shi ya rayu. Ranar da ya fara tafiya ba sanda, Alhaji Gambo ya zo gindin darbejiya da kansa. Ya ce, “Malam Ilu, ba zan ɓoye maka ba, duk sa'ad da na ga tafiyar yaron nan sai zuciyata ta sosu. Amma na yi tunani. Da ka yi shiru, da har in mutu ina tsine wa maraya a kan abin da bai yi ba, in je in tarar da shi a gaban Allah. Ka cece ni daga wannan. Na yafe maka, ni ma ka yafe mini abin da na faɗa.”

Malam Ilu ya kama hannunsa da hannu biyu, ya ce, “Na gode, Alhaji. Na gode.”

Ba a mayar da shi shugabanci ba. Ina so ku ji wannan, don kada wani ya ɗauka duk wanda ya faɗi gaskiya a take ake mayar masa da abin da ya rasa. An naɗa wani saurayi malamin makaranta, kuma shi wannan saurayi a wurin Malam Ilu yake zuwa koyon aiki, Malam Ilu na koya masa da zuciya ɗaya. Mudi kuwa ya gama makarantarsa lafiya, ba a kore shi ba.

To, 'yan'uwa, abin da nake so mu ɗauka gida biyu ne. Duk wanda aka ba shi amanar ɗan wani, malami ne kai, ko direban da ke kai yara makaranta, ko mai koyar da sana'a, ko uwar da maƙwabciya ta bar wa jinjiri, in ka ga abin da zai cutar, gyara shi a lokacin. Kada ka ce zai kai yau. Mutumin kirki ne Malam Ilu, amma kirkinsa bai hana igiya tsinkewa ba.

In kuma ƙaddara ta sa ka yi kuskure, to kada ka bari a ɗora wa wanda ba shi da mai tsaya masa. A gidajenmu akwai wanda kome ya ɓace shi ake kira. A shagunanmu akwai, a ofisoshinmu akwai. Sau nawa muka san mu ne muka yi, muka ja bakinmu muka yi shiru, aka hukunta shi muna kallo? Wannan shirun zalunci ne, kuma za a tambaye mu. Wanda ya san akwai mutumin da ke ɗauke da laifinsa har yau, kada ya jira wani mako. Ya tashi daga nan ya je ya same shi, ya faɗi gaskiya a gaban waɗanda suka zarge shi, ya nemi gafara tun suna raye su biyun.

Allah Ya ba mu ikon riƙe amana, Ya ba mu ƙarfin zuciyar cewa “ni ne” a ranar da faɗin haka ke da ciwo. Amin.