Ƙwan Gwaggo Agwagwa

Ga ta nan, ga ta nanku.
Ta iso, kunnuwa na jiranta.

"Wai ƙwan Gwaggo Agwagwa sai yaushe zai ƙyanƙyashe?" Amarya Kaza ta ji Zabuwa tana tambayar Talotalo.

Ita kuwa amarya, tun da aka kawo ta gidan Zakara ba ta huta ba. Wannan ya ce ta tono masa gara, waccan ta ce ta kula mata da 'ya'ya. Kunya ta hana ta cewa ta gaji.

Rannan aka aike ta kai wa Gwaggo dusa. Tsohuwa ta ɗaga fiffike, sai ga fararen duwatsu a ƙarƙashinta.

"Gwaggo, ai waɗannan ba ƙwai ba ne."

"Sassauta murya, 'yar nan. Kin taɓa ganin an aiki mai kwanci? Safiya tasu ce, azahar tawa." Ta turo mata dutse guda.

Washegari da azahar Zakara zai ƙwala wa amarya kira, Zabuwa ta ce, "Malam, ba ka ga tana kwanci ba?"

Kaza ta lumshe ido, ta yi ajiyar zuciya. Ta ƙudura a ranta ko inuwarta ba za ta ji sirrin dutsen nan ba.

Ƙurunƙus kan farin dutse.