Yadda Jan Wake Ya Sami Ƙarfinsa

Ku matso nan, yara. Dalilin da ya sa ɗan ƙaramin jan wake ya fi babban farin wake riƙe ciki, a bakin kakanku na ji shi, Allah ya jiƙansa. Yadda ya faɗa mini, haka zan faɗa muku.

A can da, wake iri ɗaya ne, fari ƙal, manya-manya, kuma ba ya nuna sai an gama girbin gero. A wani ƙauye akwai wata tsohuwa mai suna Tasalla. Mijinta ya rasu ya bar mata gona ɗaya da 'ya ɗaya, Hansai. Wata shekara Hansai ta zo gida haihuwar fari a tsakiyar damina, rumbu ya zama fanko, gero bai ko fitar da kai ba. Kullum tafasa, kullum rama. Mai jego ta rame, nono ya ƙafe, jariri ya yi kuka har muryarsa ta dushe.

Da hantsi Tasalla ta ɗauki fartanya ta nufi gona. A wancan zamani, shuka tana magana, in ka gaishe ta za ta amsa.

Ta ce, "Sannunku da yaɗo, 'ya'yana."

Wake suka ce, "Yawwa Iya, sannu da zuwa."

"Roƙo na zo yi. Jikana zai mutu don babu nono. A cikinku wa zai nuna mini da wuri?"

Waken tsakiyar gona, wanda ya baje a inuwar gero, ya ce, "Haba Iya! Yanzu fa na fara miƙe ƙafa. Ki dawo in an yanke gero, ki ga ƙwaya kamar haƙorin doki."

Tasalla ta juya za ta tafi, sai ta ji wata 'yar murya daga gefen gona. Wani wake ne da ya tsiro kusa da suri, inda ba inuwa, rana tana dukansa tun safe.

Ya ce, "Iya, kwana nawa 'yar taki za ta iya jira?"

"In ta kai kasuwa uku, mun gode Allah."

"To zan gwada. Amma abincin da zan yi ganye da yaɗo da shi, duk cikin ƙwaya zan tura. Ba zan yi girma ba, akuyarki ma ba za ta sami harawa a wurina ba."

Tasalla ta ce, "Akuya ta ci ciyawa."

Na tsakiyar gona ya tuntsire da dariya. "Kai dai ka so wahala. Za ka fito tsigi-tsigi kamar kashin ɓera!"

Na gefen suri bai kula shi ba. Ya ce, "Abu ɗaya, Iya. Ƙwayar ba za ta ɗauke abincin duka ba, saura a rigata zan zuba. Kada ki tuɓe mini riga."

Ta ce ta yarda. Daga ranar ya daina yaɗo, ya yi fure, ya ɗaura 'ya'ya, rana tana gasa shi. Ana gobe kasuwa ta uku Tasalla ta ɓare kwanso ɗaya, sai ga 'yan ƙwayoyi ƙanana, jajaye jawur. A ranta ta ce, wannan ne zai tashi mai jego?

Ta roro ta kai gida ta jiƙa. Har ta sa hannu za ta murje ɓawon kamar yadda ta saba, sai ta tuna alkawari ta janye hannu. Ta dafa shi da rigarsa, da ɗan gishiri da kanwa.

Hansai ta leƙa akushi ta ce, "Inna, wake ne wannan ko tsakuwa?"

"Ci ki ba ni labari."

Ta ci, ta suɗe akushi, ta kwanta. Har la'asar ba ta nemi komai ba. Kwana uku tana ci, nono ya kawo, jariri ya sha har yana ƙwarewa, ya yi barci baki buɗe. Tasalla kuwa ta zauna a bakin ƙofa tana dariya ita kaɗai.

Da kaka ta yi, farin wake ya nuna, manya kamar yadda ya yi alkawari. Tasalla ta surfe shi ta yi ƙosai, maƙwabta suka ci suna santi. Amma kafin azahar kowa ya koma neman tuwo. Ita dai ba ta raina shi ba. Ta ajiye irin kowanne a goransa daban, ta ce fari na tarbar baƙi ne da marmari, ja na ranar aiki.

Shi ya sa har yau jan wake yake riga ɗan'uwansa nuna, ƙarami, ba harawar kirki, amma in ka ci shi da safe sai ka wuni a gona. Shi ya sa kuma nake dafa muku shi da rigarsa. Ke Talatuwa, na gan ki kina tsince ɓawon kina ba kaza. Mayar da shi baki.