Ƙullin Miyar Jatau

An yi wani mutum a wani gari, can zamanin da, bawan Allah mai suna Jatau. Sana'arsa ƙulla kayan miya: ganyen ɗoɗɗoya, kimba, citta da masoro, ya ɗaure a farin ƙyalle. Mata su jefa a tukunya, in ƙamshi ya fita su tsame. Yana kuma ƙulla filasko, maganin wankin ciki. Na miya da kaba yake ɗaurewa, na magani da jan zare.

Ran nan jan zare ya ƙare. Ya ɗaure filasko da kaba, wai ai zai gane. Ku saurara, jama'a, "zan gane" ɗin nan ya kayar da mutane da yawa.

Da hantsi Inna Kande ta sayi ƙulli ɗaya, za ta yi wa jikarta mai jego farfesun ƙafar saniya. Sai bayan azahar Jatau ya duba faifai, babu filasko. Nan ya gane shi ya ba Inna Kande. Yarinya ta sha wuyar haihuwa, jiki ɗanye, a ƙara mata zawo?

Maƙwabcinsa na rumfa ya ce, "Yi shiru, Jatau. Za a ce ruwan rijiya ne. In ka faɗa, wa zai ƙara sayen ƙullinka?"

Ya ce, "Gara a daina saye."

Ya tuɓe takalma ya runtuma, dattijo da furfurarsa. Ya tarar da gidan cike da 'yan barka, ya yi sallama, ya ce a gaban kowa, "A gaya wa Inna kada a ci farfesun nan. Filasko na ba ta, laifina ne."

Sai ga Inna Kande, ƙullin na ɗaure a haɓar zaninta. Ta ce, "Kwantar da hankalinka, Malam. Saniyar nan ta girme ni. Tun safe muke iza wuta, ƙafar ta ƙi laushi, ni kuwa sai nama ya nuna nake jefa ƙulli."

Jatau ya zube a zaure yana hamdala, yana kuka don daɗi. Daga ranar aka laƙaba masa Jatau Filasko, yana amsawa da murmushi.

To, 'yan'uwa, Allah ne ya riƙe tukunyar, amma Jatau bai sani ba sa'ad da yake gudu. Ya fifita ran yarinya a kan sunansa. Kai ma, in kuskurenka yana hanyar cutar da wani, bar tunanin abin da za a ce. Tashi ka je yau, wataƙila naman bai nuna ba tukuna.