Motocin Dagacin Rafin Gawo

An yi wani mutum a Rafin Gawo mai suna Jatau, wanda tun yana yawo da bante yake ƙera ƙananan motocin tsere. Ya faro da karan dawa, ya koma langa-langa, har furfura ta cim masa yana yanka tayoyi daga tsohon silifas. Ba wadda ta wuce tafin hannu, amma har kujerar direba akwai, da lamba a ƙofa. Ranar kasuwa yakan sake su a gangaren rafi.

Da aka naɗa shi dagaci, Galadima ya ce, "Ranka ya daɗe, me baƙi za su ce in suka tarar da dagacinmu a durƙushe yana tura gwangwani?"

 Jatau ya sa aka tara motocin a tsakar gida, ya ce da an gama masa aski a cinna musu wuta.

Tanko wanzami, abokinsa na ƙuruciya, ya jiƙa masa kai, ya ɗora aska, ya ce, "Kada ka motsa, ranka ya daɗe, yau na wasa ta. Ka taɓa jin labarin Sarkin Kasuwa Ɗanlami?"

"Ina na ga hanyar gudu? Faɗi."

Tanko ya ce, "A wani gari can gabas aka yi shi. Maƙerin motoci ne irinka, ko da yake nasa ba su kai naka gudu ba. Da ya sami sarauta ya ƙone su don a ga girmansa. To, yatsun da suka saba lanƙwasa waya ba wanda ya gaya musu an yi naɗi. Sai suka shiga gyaran kasuwa. Ya ce rumfar mahauta ta karkace, ya mayar da ita jikin masu turare. Masu nono ya jera su bisa tsawo. Jakuna ya ce a shafa musu lamba. Da mutane suka fara ƙaura, yayarsa Tambaya ta zo ta ce, 'Kai Ɗanlami, zauna ka ji abin da ya sami gara.

'Da can gara ba ta taɓa kayan kowa. Gini kawai take a cikin suri, 'yan ɗakuna da soraye. Dabbobi suka ce, ke ba kya jin kunya, gandamemiya da ke kina wasan ƙasa? Ta ji kunyar, ta bari. Bakinta kuwa bai bari ba. Ta fara da tabarmar kura, ta bi da rumbun giwa. Ranar da rufin ɗakin zaki ya rufto masa a ka, shi da kansa ya kwaɓa laka ya kai mata, yana ba ta haƙuri. Kai kuwa ka ƙone naka, wa zai kwaɓa maka?'"

Tanko ya share askar a tafinsa. "Ɗanlami bai ji ba. Yau ungulu ke cin kasuwar tasa. Ni dai tun ɗazu nake ganin yatsunka na murza bakin riga, idonka kuma na kan katangar mutane."

Jatau ya duba. Ashe ya zare zaren rigar naɗinsa, ya naɗe shi ya zama taya. Ya fashe da dariya har Tanko ya ɗage aska.

Ya sa aka kira Galadima, ya ce, "Na yarda in ƙone su. Sai in sami lokacin gyaran gari. Na lura zaurenka ya ɗan shigo hanya."

Galadima ya dubi motocin, ya tuna zaurensa. "Ranka ya daɗe, wa ya ce a ƙone? Ai ko a birni ba su da irin waɗannan."

Ranar kasuwa Jatau ya tattare babbar riga, ya durƙusa a kan gangare da rawaninsa, ya saki wata ja mai lamba bakwai. Ta wuce sauran tana ƙarar gwangwani, mata na guɗa, mahauta sun bar nama suna ihu. A ƙasa Galadima ne riƙe da igiyar ƙarshen tsere, kuma muryarsa ta fi ta kowa tashi.

Jatau ya miƙe yana karkaɗe gwiwa, ya ce, "Tanko, na ji labarinka. Gaya wa mutane su kwana lafiya, katangarsu ta tsira."