Abin da Ya Ƙafar da Nonon Jar Akuya

Ga ta nan, ga ta nanku, jikokina!

Ta zo mu ji ta, Kaka!

To ku matso. Mai surutu ya tafi gidansu.

Wata tsohuwa ce, Tabawa. Mijinta ya rasu, 'yarta ma ta rasu wajen haihuwa, ta bar mata jariri, aka sa masa Talle. Abin da ta mallaka duk duniya jar akuya ce da ɗanta guda. Da nonon akuyar nan Talle yake rayuwa.

Kullum da safe ɗan akuya zai fara tsotsa, uwar tana lasarsa, sannan Tabawa ta tatsa. Ƙoƙo ya cika fal, nono fari tas, mai kauri.

Ran nan Gizo ya leƙo ta kan danga.

"Iya, an ce ko a kasuwa ba a taɓa yi miki wayo ba. Ga ɗan akuya yana shanye rabon jikanki!"

"Ni za a cuta?" in ji Tabawa.

"Ɗaure shi bayan rumbu ki gani."

Ta ɗaure shi. Ɗa na kuka can, uwa na kuka nan. Da ta tatsa, rabin ƙoƙo.

Akuya ta ce, "Uwar ɗakina, kawo mini ɗana."

"Rufe mini baki! Wa ke ba ki dusa?"

Kashegari Gizo ya dawo. "Rowa take miki, Iya. Gajarta igiyar, ki bar ta a rana. In ta yi harbi ki zabga mata kara."

Ta yi hakan. Nono ya fito tsararo kamar ruwan wankin ƙwarya, ga ɗan gishiri-gishiri. Talle ya kurɓa ya amayar.

Akuya ta ce, "Uwar ɗakina, ba riƙewa nake ba. In raina na tashe, hantsar ba ta sakin nono."

Tabawa ta juya mata baya.

Rana ta uku Gizo ya ce, "Kukan ɗan ne ke ɗauke mata hankali. Ba ni shi, in ba ki damin dawa."

"Albarka!"

"Da kanwa."

"Albarka!"

"Da sabuwar ƙwarya."

Ta sallama, tana murmushi wai ta ci riba.

Da gari ya waye hantsa ta ƙafe ƙaf. Ta matsa, ta matsa, ko ɗigo. Ta dama kunu, jariri ya kasa haɗiya. Talle ya yi kuka har muryarsa ta dushe.

Ta goya shi, ta kwashi kayan Gizo, sai gidansa. Me za ta gani? Fatar ɗan akuya a shanye kan danga, Ƙoƙi matar Gizo tana wanke tukunya.

"Ba ni fatar. Ga dawarka."

"Albarka, Iya," in ji Gizo daga bakin ƙofa.

"Ga kanwarka da ƙwaryarka."

"Albarka."

Sai ta zare munduwar da marigayi mijinta ya sa mata ran aure, ta miƙa. Ko tayawa ba ta yi ba. Gizo ya karɓa, ya ba ta fatar.

Ta zo gida ta cusa ciyawa cikin fatar, ta tsayar da ita gaban akuya, yadda ta ga makiyaya na yi wa saniyar da maraƙinta ya mutu. Akuya ta sansana. Ta lasa. Ta daɗe tana lasa.

"Uwar ɗakina, na san ba shi ba ne."

Tabawa, wadda ba ta taɓa durƙusa wa kowa ba, ta durƙusa.

"Na cuce ki, baiwar Allah."

Akuya ta dubi Talle a goye, wuyansa ya langaɓe.

"Shi ma ba shi da uwa. Kawo ƙoƙon."

Nono ya zo ɗis, ɗis, ɗis, da ƙyar ya rufe gindin ƙoƙo. Da wannan Talle ya rayu. Amma har akuyar ta mutu ƙoƙon bai sake cika ba, kuma kullum sai ta je bayan rumbu ta tsaya tana kira.

Shi ya sa mai hankali yake barin ɗan akuya ya fara sha kafin ya tatsa. Akuyar da aka tayar wa hankali ba ta da nono, ko ta so ta bayar.

Ƙurunƙus kan ɗan ɓera. Ku tashi ku ba awakina ruwa, kada wanda ya kore su da gudu.