Ƙwan da Bitrus Ya Ƙi Sha

A zamanin da, a wata ƙasar Kirista, an yi wani sarki da ya ɗauri aniyar gyaran addini. Waziri ya kawo masa wani mai wa'azi, Bitrus, haifaffen Bayahude da ya koma Kirista shekara ashirin da suka wuce.

Ana nan sai aka tsinci gawar wani jariri a bakin kasuwa. Bitrus ya hau mumbari ya ce, "Aikin dangina ne. Da idona na ga uwata tana kwaɓa gurasar idi da jinin 'ya'yanku."

Kafin la'asar an ƙone unguwar Yahudawa. Aka fasa kan malaminsu da dutse, aka ja gawarsa a ƙasa. Sarki ya sa aka ɗaure Yahudawa goma sha biyu, ya ce gobe a jefa su wuta.

Sai Istifanus, tsohon limamin majami'a, ya faɗi ya yi gaisuwa. "Ranka ya daɗe, muryar Bitrus ta dushe da wa'azi, ga shi gobe zai yi shaida. A ba shi ɗanyen ƙwai ya sha."

Tsohon ya fasa ƙwai a ƙoƙo, ya miƙa wa Bitrus wanda ya zaɓo mai ɗigon jini a gwaiduwa. Bitrus ya kai baki, ya duba, ya ture. "Baba, a sake wani."

"Sarki na kallo, ɗana. Shanye."

Ya kurɓa, sai amai.

Istifanus ya ce, "Wa ya hana ka?"

Bitrus ya sunkuyar da kai. "Uwata. Ƙwai mai jini zubarwa take yi. Ko nama sai ta zuba masa gishiri jinin ya tsane."

Sarki ya ce, "Matar da ke zubar da ƙwai saboda ɗigo ɗaya, ita ce ta yi kwaɓi da jinin mutum? Dogari, zare takobi."

Da ƙarfe ya taɓa wuyansa, Bitrus ya tona asiri: dokin Waziri ne ya tattake jaririn, Wazirin ne kuma ya shirya masa abin da zai faɗa.

Aka sare kan Waziri a bakin kasuwa, aka datse harshen Bitrus. Aka kwance ɗaurarru. Babbansu, Iliyazar mahauci, bai yi godiya ba. Ya ce, "Ranka ya daɗe, a ba mu gawar malaminmu mu binne kafin rana ta faɗi."

Sarki ya tuɓe alkyabbarsa, ya ce a naɗe gawar a ciki.